Kimiyya a Ƙofar Gida: Dutsen da ba ka gani, yaya za ka san ƙarfinsa?



Da zarar damina ta ɗauke, hanyar Jega zuwa Aliero da wadda ta nufi Maiyama ba sa rabuwa da motocin nan masu doguwar hasumiyar ƙarfe kwance a baya, wato injinan haƙar rijiyar burtsatse. Mai gonar albasa yana neman ruwan ban-ruwa, makaranta tana nema, unguwa a Karaye ta yi karo-karo ta kira mai inji. Ranar da aka kafa injin yara kan cika wurin, kowa jira yake ruwa ya fito a yi shewa. Amma tun kafin ɗigon ruwa ya fito injin ya riga ya fara ba da labari. Yana faɗin irin dutsen da yake ratsawa, da ƙarfinsa, da irin nauyin da ke danne da shi. Abin takaicin shi ne sau da yawa babu mai rubuta wannan labari. Injin ya naɗe kayansa ya tafi, labarin ya bi shi. Bayan shekara ɗaya ko biyu rijiya ta fara fitar da yashi, ko ta rufta ta riƙe famfo, sai a tsaya ana duban juna, babu wanda ya san a wane zurfi ɓarnar ta faru. Kuɗin da aka tara da gumin goshi sun tafi ke nan.

Kalmomi biyu za mu riƙe yau: ƙarfi da matsi. Ku ɗauki jaki da kayansa. Ƙarfi shi ne iyakar abin da jakin zai iya ɗauka kafin ya durƙushe. Matsi kuwa shi ne kayan da ke bayansa a yanzu. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa ma haka yake. Yana da iyakar da zai iya jurewa, kuma yana ɗauke da kaya dare da rana. Mai haƙa yana bukatar sanin duka biyun, domin rami yana tsayawa ne muddin kaya bai fi ƙarfin jaki ba. Matsalar ita ce babu mai iya sauka mita 100 cikin ramin da faɗinsa bai wuce bakin bokiti ba ya duba da idonsa. Dole sai dai a yi kirdado daga alamomin da ke isowa sama.

Da farko, me ke ƙarƙashinmu? Jega da Aliero da Maiyama suna cikin yankin da masana duwatsu ke kira Kwarin Sakkwato, wanda shi ma ɓangare ne na wani babban kwari da ya miƙe zuwa Nijar da Mali. A nan ƙasa jere take hawa-hawa kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata kan wata: yashi, yumɓu, dutsen yashi, a wasu wurare da dutsen farar ƙasa. Masana sun raɗa wa waɗannan shimfiɗu sunayen garuruwanmu. Akwai shimfiɗar Gwandu, akwai ta Kalambaina wadda dutsenta ne ake yin siminti da shi a kusa da Sakkwato, akwai ta Dange, ta Wurno, ta Dukamaje, ta Taloka, ta Illo da ta Gundumi. Wasu daga cikinsu a ƙarƙashin teku suka kwanta, domin miliyoyin shekaru da suka wuce teku ya taɓa malale wannan yanki. Har ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku aka tono aka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. In kuwa ka nausa gabas zuwa Zuru ko Gusau, labari ya sauya. Can tsohon dutse ne mai tauri, shi ya sa masu haƙa a can suke aiki da gudumar da iska ke bugawa, mu kuma a nan aka fi haƙa da injin mai juyawa ana zuba ruwan laka.

Agogo da rariya

Hanya mafi sauƙi ta auna ƙarfin dutse ba ta bukatar komai sai agogo. Injin haƙa yana aiki da sandunan ƙarfe da ake ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, kuma tsawon kowace sanda sananne ne. Mu ce mita 3 ce. In sanda ta nutse cikin minti 4, ta gaba ta ɗauki minti 5, ta gaba kuma ta ci minti 40, ba sai an gaya maka ba, a wannan zurfi an taras da abu mai tauri. In kuma bayan an sha wahala sanda ta zarce da gudu, to an fita daga mai tauri an faɗa mai taushi, kuma sau da yawa yashin da ke riƙe da ruwa ke nan. A cikin dutsen farar ƙasa har akan ga sanda ta faɗa fuu lokaci guda, saboda ruwa ya daɗe da narkar da dutsen ya bar kogo.

Sai dai agogo shi kaɗai yana iya ruɗin mutum. Gudun sanda bai dogara ga dutse kawai ba. Ya dogara ga nauyin da aka danna mata, da saurin juyawarta, da kaifin haƙoran da ke bakinta. Wuƙa mai dakushi takan sa a ce nama ya yi tauri. Wannan ne ya sa a 1965 wani masani mai suna Teale ya kawo wata dabara: maimakon a tambayi minti nawa aka ɗauka, a tambayi yawan aikin da inji ya yi kafin ya farfasa wani ƙayyadadden adadi na dutse. A haɗa dannawa da juyawa, a raba da yawan dutsen da aka cire. Ya lura cewa idan haƙa tana tafiya yadda ya kamata, amsar da ake samu takan zo kusa da ƙarfin dutsen kansa. Manyan injinan haƙar mai na yau suna yin wannan lissafi da kwamfuta a kowane lokaci. Idan lambar ta yi tsalle alhali dutsen bai sauya ba, sun san haƙoran ne suka mutu ko laka ta toshe su.

Alama ta biyu ita ce ɓarɓashin da ruwan laka ke kwasowa daga ƙasa. Mai haƙa na ƙwarai yakan tare shi da rariya a kowace mita ɗaya ko biyu, ya wanke, ya jera a ƙasa ko cikin ƙananan ledoji da lambar zurfi a jiki. In ka bi jerin da ido kamar ka karanta littafi ne: ja-ja na marmara a sama, yashi mai laushi, yumɓu mai ruwan toka da ke manne wa yatsa, yashi mai manyan ƙwayoyi. Siffar ɓarɓashin ma magana ce. Wanda haƙora suka yanko ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya. Idan aka fara ganin manyan ɓaraguzai masu kusurwa waɗanda suka fi ƙarfin a ce haƙora ne suka yanko su, to bangon ramin ne yake zubowa da kansa. Jaki ya fara durƙushewa.

Don ku san tazarar da ke tsakanin duwatsu, bari mu yi amfani da ma'auni ɗaya har ƙarshen darasi: tan nawa ne a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, wato murabba'in mita. Kankaren gini na yau da kullum yana jure wajen tan 2,000 zuwa 2,500 kafin ya fashe. Tsohon dutse mai tauri irin na Zuru yana iya jure fiye da tan 10,000. Busasshen yashi kuwa, in ba abin da ya tare shi ta gefe, ko kansa ba ya iya riƙewa. Duk waɗannan ana iya cin karo da irinsu a rami guda.

Kayan da ke bayan jaki

Yanzu mu koma ga matsi. A nan ne lissafin da kuke yi a ajin Fiziks, P = ρgh, zai fito daga allo ya shiga gona.

Kun san tankin ruwa na lita 1,000. Idan ya cika, ruwan da ke ciki tan ɗaya ne cif. Ku ɗauka tankin akwati ne mai mita ɗaya ta kowace fuska. Idan aka cika shi da irin dutsen da ke ƙarƙashinmu maimakon ruwa, nauyinsa zai kama tsakanin tan 2 da tan 2.6, mu ɗauki 2.3 a matsayin tsaka-tsaki. To dutsen da ke zurfin mita 100 kamar an jera masa irin waɗannan akwatuna 100 ne a ka. Tan 230 ke nan a kan kowane murabba'in mita. Buhun siminti 4,600. Kusan tirela takwas masu ɗaukar buhu 600, duk a kan filin da bai kai tabarmar salla biyu ba. Wanda yake son amsa da faskal kamar yadda ake so a jarrabawa, tan ɗaya a kan murabba'in mita ya yi kusan faskal 10,000, sai ya ninka.

Wannan shi ne matsin sama zuwa ƙasa, kuma shi ne mafi sauƙin kirdado. Abin da kawai ake bukata shi ne kaurin kowace shimfiɗa da nauyinta, a ninka, a tara. Kun ga amfanin ledojin nan masu lamba.

Amma ba ƙwayoyin dutse kaɗai ke ɗauke da wannan kaya ba. Tsakanin ƙwayoyin yashi akwai ƙananan kafofi cike da ruwa, kuma ruwan yana taya su ɗauka. Idan ruwan ya faro tun daga kusa da doron ƙasa, a zurfin mita 100 matsinsa tan 100 ne. Ka cire 100 daga 230, saura 130. Wannan saura shi ne ainihin abin da ke matse ƙwaya da ƙwaya, kuma shi ne ke yanke hukunci ko yashi zai tsaya ko zai zube. Injiniya Karl Terzaghi ne ya fito da wannan ƙa'ida a shekarun 1920, kuma a kanta ilmin ƙarfin ƙasa na zamani ya ginu. A ganina babu wata ragewa a duk lissafin injiniyoyi da ta kai wannan amfani.

Kuna iya gwada ta a gida. Ku zuba shinkafa ko busasshen yashi a leda mai kauri. Ku taɓa, za ku ji tana motsi yadda aka ga dama. Sai ku sa tsinken shan lemo ku zuƙe iskar da ke ciki, ku ɗaure baki da sauri. Ledar za ta yi tauri kamar bulo. Ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne matsin da ke cikin kafofi ya ragu, ƙwayoyin suka cije juna. Akasin haka ma gaskiya ne: idan matsin ruwan da ke cikin kafofi ya ƙaru, ƙwayoyi sukan saki juna, yashi ya koma kamar kunu. Abin da ke sa rijiyar hannu ta fi ruftawa ke nan daidai lokacin da magina suka iso jiƙaƙƙen yashi, ruwa yana tsattsafowa yana ture ƙwayoyi zuwa cikin rami. Bari in tsaya a nan in ja kunne: kada ɗayanku ya shiga rijiyar da ake ginawa ko tsohuwar da aka bari, ko don ciro guga, ko don abokai sun zuga shi. Ban da rufta akwai gurɓatacciyar iska a ƙasa wadda ba ta da wari kuma ba ta ba mutum lokacin kiran taimako.

Ruwan ƙasa ba koyaushe yake bin lissafin tan ɗaya a kowace mita ba. A shekarun 1960 masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka tare da takwarorinsu na Najeriya sun haƙa rijiyoyin gwaji a Kwarin Sakkwato, aka wallafa rahotonsu a 1973. Cikin abin da suka bayyana akwai yashin shimfiɗar Gwandu da yumɓu ya rufe ta sama. Shimfiɗun yankin sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma. Ruwan sama yana shiga yashin a inda ya fito fili a kan tudu, ya gangara ƙarƙashin murfin yumɓu, ya rasa mafita. Idan aka huda murfin a wuri mai kwari, irin fadamun Gulbin Sakkwato ta wajen Argungu da Birnin Kebbi, sai ruwa ya hau da kansa, a wasu rijiyoyin har ya malalo ba tare da famfo ba. Ga mai neman ruwa wannan alheri ne. Ga mai haƙa kuwa gargaɗi ne cewa abin da ke ƙasa yana iya fin abin da lissafin zurfi ya nuna. Hanyar auna shi ma ba wuya: a bar rijiya ta huta, a zura igiya a ga inda ruwa ya tsaya. Tsayin ruwan daga shimfiɗar zuwa inda ya tsaya, shi ne matsinsa.

Sauran mai wuyar shi ne matsin gefe. Dutsen da aka danne ta sama yana son ya baje, maƙwabtansa sun hana shi, saboda haka suna turin juna. Ga kuma turin manyan faifan ɓawon duniya da ke motsi a hankali. Yawanci turin wata fuska yakan fi na wata. Yaya za a gane wace fuska ce, ana tsaye a sama?

Ramin ne da kansa yake tona asiri. Ku tuna da cunkoson kasuwar Jega. Jama'a suna tafiya daga arewa zuwa kudu, sai ga amalanke ta tsaya a tsakiyar hanya. Mutane ba za su ratsa ta ba, sai su kewaye, kuma matsatsin zai fi tsanani a gefunanta biyu, gabas da yamma. Matsi ma haka yake yi idan ya taras da rami. Wani injiniya Bajamushe mai suna Kirsch ya warware lissafin wannan a 1898. Idan babban turin gefe 10 ne, ƙaramin kuma 8, to a bangon rami wurin da ya fi shan wuya yana ɗauke da 10 sau uku a cire 8, wato 22. Wurin da ya fi samun sauƙi yana ɗauke da 8 sau uku a cire 10, wato 14. Ku lura, haƙa ramin kawai ya ninka kayan fiye da sau biyu a wasu wurare. Idan 22 ta fi ƙarfin dutsen, sai bango ya ɓare a gefuna biyu masu fuskantar juna, rami ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. A 1979 masana biyu, Bell da Gough, da suke nazarin rijiyoyin mai na lardin Alberta a Kanada, suka nuna cewa tsawon ƙwan yana kallon fuskar ƙaramin turi ne. Wato in ka zura na'ura mai hannuwa da ke shafa bango tana auna faɗi, tare da kamfas, ka samu alƙiblar matsin da ke cikin ƙasa. Faɗin wurin da ya ɓare kuma yana nuna yadda kaya ya rinjayi ƙarfi. Da irin waɗannan bayanai daga dubban rijiyoyi aka zana taswirar matsin ƙasa ta duniya.

Kunun laka

Mai kallo yakan ɗauka ruwan lakar da ake zagayawa da shi cikin rami ƙazanta ce kawai. Alhali shi ne ke riƙe da rijiyar. Yana sanyaya haƙora, yana kwaso ɓarɓashi, yana shafe bango, sannan nauyinsa yana tura bangon baya, ya maye gurbin dutsen da aka cire. Amma yana da iyaka biyu, kamar damun kunu. In ya tsinke da yawa, bango ya zubo, ko ruwan ƙasa ya rinjaye shi ya kutso. In ya yi kauri da nauyi fiye da kima, sai ya tsaga dutsen ya gudu cikin tsagar, ka ga ramin tara laka yana ƙafewa a gabanka. Duk kirdadon ƙarfi da matsi da muke ta yi, manufarsa a gano wannan tazara ta tsakiya a kowane zurfi.

A rijiyar ruwa kuskure yana cin kuɗi. A rijiyar mai yana cin rai. Rijiyar Kolmani ta biyu da kamfanin mai na ƙasa NNPC ya fara haƙawa a watan Fabrairun 2019 a iyakar Bauchi da Gombe, wadda aka sanar da samun mai a cikinta a Oktoban wannan shekara, ta wuce zurfin kilomita 4. Ku yi lissafin akwatunanmu: fiye da tan 9,000 a kan kowane murabba'in mita. A irin wannan zurfi ba a wasa da laka. Ana ƙara mata nauyi da garin wani dutse mai suna barait, wanda ya ninka ruwa nauyi fiye da sau huɗu, ana kuma haƙo shi a Azara ta Jihar Nasarawa. Bayan an kafa kowane bututun kariya an zuba masa siminti, sai a ɗan ƙara haƙawa, a rufe bakin rijiya, a riƙa tura laka a hankali ana kallon ma'auni. Allura tana hawa daidai-wa-daida, can sai ta fara lanƙwasa. Wannan lanƙwasa tana nufin dutse ya fara buɗe baki, kuma lambar da aka karanta a wurin tana kusa da ƙaramin matsin da ke cikin ƙasa a wannan zurfi. Daga nan an san iyakar nauyin lakar da ba za a ƙetare ba.

Suna kuma zura na'urori a igiyar waya. Wannan sana'a ta faro ne a 1927 a wata rijiyar mai da ke yankin Alsas na Faransa, da dabarar wasu 'yan'uwa biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, inda aka auna yadda duwatsu ke hana lantarki wucewa. Yau akwai na'urar da ke auna nauyin dutse a inda yake, akwai kuma mai aika sauti ta saurari isowarsa. Sauti yana gudun mita 340 a daƙiƙa cikin iska, wajen 1,500 cikin ruwa, cikin dutse mai tauri kuwa yana kai 5,000 zuwa 6,000. Gwargwadon haɗewar ƙwayoyi, gwargwadon gudun sauti. Dabarar mai sayen tukunya ce da ke ƙwanƙwasa ta ya saurara, an dai mayar da ita lambobi. Sai a kwatanta da 'yan guntayen dutse da aka ciro aka matse a ɗakin gwaji har suka fashe, a samu ma'aunin da za a fassara gudun sauti zuwa ƙarfi.

Duk da waɗannan na'urori, abin kirdado ne, kuma mutum ne ke karanta shi. A ranar 20 ga Afrilun 2010 wata rijiyar mai a Tekun Meziko ta ƙwace, injin haƙa na Deepwater Horizon ya kama da wuta, mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana malala cikin teku. Rijiya ce da tazarar nauyin lakarta ta kasance ƙunci ƙwarai. Binciken da aka yi ya nuna simintin ƙasan rijiyar bai toshe ba, an yi gwajin matsi ya nuna alamar matsala amma aka yi masa wata fassara, sannan aka ci gaba da maye laka mai nauyi da ruwan teku. Ma'aunin ya faɗi gaskiya, masu karatu ne suka ji abin da suke son ji.

Mu dawo gida. Rijiyar unguwarku ba ta bukatar na'urar sauti. Abin da take bukata takarda ce: zurfin kowace shimfiɗa, mintin kowace sanda, inda laka ta ɓace, inda aka fara samun ruwa, inda aka sa bututu mai tsaga-tsaga da ke tace ruwa, irin tsakuwar da aka zuba a bayansa, inda ruwa ya tsaya, da yadda ya sauka da aka gwada famfo. Da wannan takarda ake sanin a daidaita bututun tacewa da yashi mai manyan ƙwayoyi maimakon a yi dace-dace, a kuma san girman famfon da ba zai ja ruwa da ƙarfin da zai taso da yashi ba. Da ita mai haƙa na gaba a unguwar zai san a mita kaza akwai yumɓu mai kumbura ya riƙe sanda, ya shirya tun daga gida. Rijiya goma masu takarda a ƙaramar hukuma guda sun isa a fara zana taswirar ƙarƙashin ƙasarta. Ni dai a ra'ayina, duk wanda ya biya kuɗin rijiya bai karɓi wannan takarda ba, rabin kayansa ya karɓa. Ku gaya wa iyayenku da shugabannin makarantarku su sa ta cikin yarjejeniya tun kafin a kafa inji, kada a biya cikon kuɗi sai an miƙa ta.

Wanda abin ya ba shi sha'awa har yake tunanin sana'a, hanyar ta bi ta Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Akwai sashen ilmin duwatsu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da masu haƙa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a nan Aliero, wadda aka kafa a 2006. Kafin nan, idan inji ya zo kusa da ku, ƙungiyar kimiyya ta makarantarku ta nemi izinin shugaban masu haƙa ta hannun malaminku. Ku tsaya nesa da sanda mai juyawa da igiyoyi da ramin laka, kada mai babbar riga ko mayafi mai lilo ya matsa kusa. Ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya littafi, ma'aikacin injin ya riƙa miƙo muku ɓarɓashi kuna sa wa lamba. In kun koma aji ku zana zurfi a gefe ɗaya, minti a ɗaya gefen, ku ga ko tsallen layin ya yi daidai da inda launin ɓarɓashi ya sauya.

Ga aikin wannan mako, da lambobin misali. An haƙa rijiya mita 60. Mita 20 na sama yashi ne mai nauyin tan 1.9 a kowane akwati, mita 30 na biye yumɓu ne mai tan 2.1, mita 10 na ƙarshe dutsen farar ƙasa ne mai tan 2.5. Ruwa ya tsaya a mita 10 daga sama. Nawa ne matsin sama zuwa ƙasa a gindin rijiyar? Nawa ne matsin ruwa? Nawa ya rage wa ƙwayoyin dutse? Sannan idan rani ya tsananta, aka yi ta ban-ruwan albasa har ruwan ya sauka zuwa mita 25, kayan da ke kan ƙwayoyin ƙaruwa zai yi ko raguwa, kuma da nawa? Ku ɗauka nauyin shimfiɗun bai sauya ba. Ku aiko da amsa tare da sunan makaranta da aji, za mu warware ta a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.